Yadda Za Ka Saita Allon Kwamfutar Surukinka Ba Tare da Ka Ɓata wa Surukarka Rai Ba

Duk wanda ya bi matakan nan da natsuwa zai fita daga gidan surukansa da mutuncinsa. Wannan tabbas ne. Gyaruwar allon kuwa wata magana ce daban.

Ga yadda lamarin yake farawa. Surukinka ya yi ritaya, ya sayi sabon allo mai faɗi, masu shago kuma suka cusa masa sabon katin hoto, wato na'urar da ke tura hoto zuwa allo, a cikin kwamfutar. Da aka kunna, hoton surukarka da ya sa a fuskar allon ya baje hagu da dama, fuskarta ta koma kamar faranti. Tun ranar ba ta sake shiga ɗakin ba. Matarka kuwa ta riga ta gaya musu cewa a ofis kai da kwamfuta kuke wuni. Ba ta gaya musu cewa idan taka ta tsaya wani kake kira ba.

1. Kada ka taɓa komai tukuna

Tsaya a bayan kujera, harɗe hannu, ka ƙura wa allon ido kana gyaɗa kai. Sannan ka tambayi Baba, cikin ladabi, wa ya taɓa ta kafin ka zo. Riƙe amsar da kyau. Duk abin da ya lalace daga yanzu, aikin wannan mutumin ne.

2. Leƙa bayan akwatin

Za ka ga ramuka biyu masu kama da juna, ɗaya na ainihin kwamfutar, ɗaya na sabon katin. Zare wayar allon, hura bakinta, ka soka a ɗaya ramin. Idan hoto ya zo, ka ce dama ka yi zargin haka. Idan bai zo ba, mayar da ita inda take, ka ce gwaji ne. Kada ka kakkaɓe ƙurar da ta hau gwiwar wandonka. Ita ce kaɗai shaidar cewa ka yi aiki.

3. Shiga saitin allo

A nan akwai lambobi bibbiyu, ta faɗi da ta tsayi. Baba zai jawo kujera ya tambayi ma'anarsu. Ka ce masa yarjejeniya ce tsakanin katin da allon, kuma masu shagon ba su bari sun fahimci juna ba. Kada ka dubi matarka a daidai wannan lokacin.

4. Idan allon ya yi baƙi

Zai yi. Ka zaɓi lambar da ta fi ƙarfinsa, sai ya ɗauke ɗif. Baba zai yi gyaran murya ya ce ai shekaranjiya aka kawo shi. Yi haƙuri, ga sirrin sana'ar: idan kwamfuta ta jira ba a amsa mata ba, da kanta take komawa inda take. Aikinka ɗaya ne, ka tabbata yatsanka yana kan wani maɓalli lokacin da hasken zai dawo.

5. Guji lambar da take daidai

Kwamfutar za ta nuna maka lambar da ta fi dacewa da allon. Masu ƙarancin gogewa a nan suke faɗawa. Ka zaɓe ta, rubutu ya fito tas, Baba ya karanta kanun labarai ba tabarau, har ya sa maka albarka. Sai a aika a kira Mama.

Za ta tsaya a bakin ƙofa, ta daɗe tana kallon hoton. Ita ce sak, ba ragi ba ƙari. Ba kai za ta yi wa magana ba. 'Yarta za ta duba ta ce, "Ki gaya wa mijinki ya ci gaba. Ya kama hanya, amma da saura."

Babu saura. Kada ka faɗi haka.

6. Wuce daidai kaɗan

Nemi lambar da faɗinta ya fi na allon, yadda dole katin ya matse hoton kafin ya shiga. Nan take kumatun Mama za su shige, wuya ya fito, ta ƙara tsayi. Duk wani abu mai zagaye a allon zai koma kamar ƙwai, haruffa kuma su tsaya sirara kamar tsinken ashana. Wannan karon Mama za ta shigo har tsakiyar ɗakin. Za ta ce yanzu ta gane kanta, ai haka take ranar da aka ɗauki hoton, masu shagon ne ba su san aikinsu ba.

7. Amsa tambayar ƙarshe

Kwamfutar za ta tambaya ko a bar wannan saitin ko a koma na baya, tana ƙirga daƙiƙu. Idan ka yi jinkiri za ta dawo da Mama yadda take, a gaban idonta. Kada ka yanke hukunci kai kaɗai. Dubi Baba. Za ka same shi ya ƙanƙance ido, hancinsa ya kusa taɓa allon, yana neman inda kanun labarai suka shiga. Zai dubi matarsa, ya dubi haruffan, sannan ya rage murya.

"Danna, ɗana. Dama likita ya ce in rage karatu."

Danna.

Sanarwa: marubucin ba shi da alhakin idon Baba, ko ciwon kan da zai biyo baya. Haka kuma, idan labari ya bazu a dangi, ƙannen Mama da aminanta suka fara sallama a gidanka kowacce da kwamfutarta a hammata, babu ruwan wannan shafi. Kai aka ce ka iya.