Daga Wane Gida Cindon Ya Fito?

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗiyata ta fari ba, ko da kuwa na so, don mutanen Karofane ba za su bari in manta ba.

A lokacin shekarata biyu ina koyar da ilimin halittu a wata makaranta a Bouza, kuma kaina ya kumbura sosai. Darasin gado shi ne abin alfaharina. Nakan tsaya gaban allo in ce yawancin halayen jikin mutum ƙwaya biyu ke riƙe da su, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Wata ƙwayar mai rinjaye ce, ko ita kaɗai ce sai ta nuna kanta. Wata kuma mai laɓewa ce, tana iya wuce kaka da uba ba a gan ta ba, sai ranar da ta haɗu da irinta. (Har gida nake kai darasin nan. Matata Rabi ta ci shi da tuwo, ta sha shi da fura.)

Rabi ta haihu a gidan iyayenta a Karofane, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Yarinya lafiyayya, sai dai ta zo da cindo, ɗan ƙaramin yatsa na shida yana reto a gefen kowane hannu.

Ranar suna, an shafa fatiha, muna zaune kan tabarmi a ƙofar gida tare da surukina da ƙannensa. Wanzami ya fito daga askin jaririya, ya ambaci cindon, ya ce ikon Allah. Da na ja bakina da an tashi lafiya. Uban ɗan fari ma sunkuyar da kai ya kamata ya yi a gaban surukai. Ni kuwa sai na tsinci kara, na share ƙasa, na zana uba, na zana uwa, na ja layi zuwa ɗiya. Na ce cindo yawanci mai rinjaye ne, bai cika faɗowa daga sama ba, sai in ɗaya cikin iyaye yana da shi. Na baje yatsuna goma kowa ya gani. Na ce tunda ga hannuwana, to daga Rabi ne, an cire mata tana jaririya, ba a dai faɗa ba.

Ƙanen surukina, Baba Ilu, ya dube ni, ya kira ni da laƙabin da ake kiran malaman boko da shi a wajenmu, ya ce, "Mushe, kenan ɓoye maka munka yi? Ɗiya mai aibi munka ba ka?"

Na ce ba aibi ba ne, kimiyya ce (ina ganin gyara nake yi). Surukina ya miƙe ya shige gida. Kafin a gama rabon goro saƙo ya fito daga surukata: Rabi ba za ta koma Bouza bayan arba'in ba, in je in nemi wadda danginta ba su ɓoye komai ba. Ta bayan katanga ina jiyo kukan Rabi. A nan na san na yi ɓarna, don ina son matata ƙwarai.

Sai ga Gwaggo Tabawa, yayar mahaifina, wadda ta raine ni tun da mahaifiyata ta rasu ina rarrafe. Ta fito da ludayi a hannu, ta ratsa maza, ta cafke hannuna na hagu ta juya shi. Ta danna wani ɗan tsiro a gefen ƙaramin yatsana, wanda duk rayuwata na ɗauka tabon ƙurji ne.

Ta ce, "Wanga hwa? Ni da kaina na ɗaure maka cindonka biyu da zare har sunka hwaɗi. Ubanka ma haka. Kai da ka yi karatun boko a lakkol, kakanka da kake rubuta sunanshi bisa takarda, mi ake ce mai?"

Cindo. Shekara biyu ɗalibai suna kirana Mushe Cindo ina amsawa, ina sa hannu a takardunsu da sunan, ban taɓa tambayar kaina inda tsohon ya samo shi ba.

Dariyar da aka yi har tumakin da ke turke sai da suka tsorata. Baba Ilu ya ɗauko karan ya miƙo mini, ya ce in daure in sake zanen, ɗazu bai gane da kyau ba. Gwaggo ba ta bar ni na amsa ba. Ta ja ni cikin gida da babbar rigata, ta durƙusar da ni gaban surukata, ita ma ta durƙusa tana ba da haƙuri a kan laifin da ba nata ba. Allah ya saka wa tsohuwar nan, don ita ta riƙe mini aurena.

Da na samu ganin Rabi, idanunta a kumbure, sai na nuna mata tsiron kamar wani sabon labari. Ta ce ta gan shi tun makon farko na aurenmu, tana zuba mini ruwan wanke hannu, kuma ta san ko mene ne. Ranar haihuwa mata sun tambaye ta daga wane gida cindon ya fito, ta ce ba ta sani ba.

"Na ga kai ba ka sani ba," ta ce. "Ban so a yi maka dariya gidanmu ba."

An cire wa ɗiyata cindon a asibiti. Rabi ta dawo bayan arba'in, da ƙarin kwana goma da surukata ta ɗora don in ji a jikina. Darasin da na zana a ƙasa daidai yake, sai dai ban duba hannun da ke riƙe da karan ba. Yanzu duk shekarar da muka zo kan gado, kafin in taɓa alli nakan ɗaga hannuna na hagu, in ce wa yara kowa ya fara duba nasa.