Ranar da Na Sa Mariya a Sifika

Har gobe ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, lokacin da nake shirin jarrabawar akanta a wata makarantar ƙarshen mako a Ikeja, cikin Legas. Malaminmu, wani Bayarabe da muke kira Oga, ya koya mana yadda kamfani ke farfaɗowa bayan gobara ko ambaliya. Akwai "hot site", wato ofis na biyu da kwamfutoci a kunne, an kwafe komai, shiga kawai za a yi a ci gaba da aiki. Akwai "cold site", fankon ɗaki, daga bango sai wayar wuta.

Ni kuwa gwanin mafarki ne ido biyu. Daga Agege zuwa Ikeja, a matse cikin bas ɗin haya da ake kira danfo, nakan gina ofishina a bene na sama, labule na kaɗawa, Mariya na leƙowa da murmushi. (Mariya ce yarinyar da nake nema, wadda kullum nake ce wa ta bari in ci jarrabawa tukuna.) Duk abin da na rubuta sai in tura mata ta waya. A raina na mallaki "hot site", har da kyakkyawar mai gadi.

Ranar da zan yi wa aji bayani, ruwan sama ya jiƙa kwamfutata, ta ƙi tashi. Ko a jikina. Na ce, "Oga, yau za ku ga darasin nan a aikace." Na kira Mariya, na sa a sifika don kowa ya shaida.

"Mariya, turo min bayanan nan."

"Waɗanne? Ai na goge, sun cika min waya." Sai ta ƙara da cewa, "Kuma Baba ya ce magabatanka yake jira, ba karatu ba. Wani dillalin fata daga Oko-Oba har ya turo nasa."

Na yi fatan ba mai jin Hausa, sai Hajiya Rabi, 'yar unguwarmu da ke kujerar gaba, ta fassara wa 'yan aji da Yarbanci, har da ƙari. Oga ya share hawayen dariya ya ce, "My friend, na cold site be dat," wato fankon ɗaki na mallaka. Kunya ta rufe ni, amma wallahi tsoron rasa ta ya fi kunyar.

Daga nan gidan kawuna na zarce a jiƙe, na roƙe shi ya nemo goro ya kai gidan su Mariya. Da kyar aka karɓa. Ranar na gane cewa wurin da kake taƙama za ka fake in ta ɓaci, idan ba ka leƙa shi, wata rana sai ka tarar wani na neman kama haya.