Nomau da Batirin Motar Shela

A Tungar Gamji akwai wani mutum mai suna Nomau, ɗan shekara arba'in. Gida ɗaya yake da matarsa Tabawa da wansa Ilu mai gyaran wayar mota. Nomau ba ya ƙarya, ba ya ƙiwuya. Matsalarsa ɗaya ce: abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ragi, ba tsayawa.

Wata rana Jatau mai shela ya kawo tsohuwar a-kori-kurarsa. Ya sayo manyan lasifika huɗu, amma da ya kunna su sai fitilu su dushe, mota ta mutu. Ga bikin kalankuwa ranar Asabar, kuma dagaci ya ce in motar ba ta tashi ba, za a ba mai shelar Rafin Dinya aikin. Ilu ya duba ya ce sai an ƙara batir, an sauya siririyar wayar. Ya ce, "Nomau, je kasuwa ka sayo waya mafi kauri da ka gani." Da la'asar sai ga Nomau da ƙarti uku suna nishi, sun ɗauko wayar ƙarfe ta jan tirela.

"Yaya, na zaga sau biyu. Babu wadda ta fi ta."

Wata rana Ilu zai ɗaure waya a jikin motar, ya miƙa wa Nomau wuƙa. "Kankare fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli." Wuri kamar faɗin kwabo yake nufi, amma ya tafi sallar azahar bai faɗa ba. Kafin ya dawo, gefen motar na dama ya koma kamar sabuwar tasa. Jatau ya zo ya riƙe kai.

"Ilu, lasifika na kawo ko aski?"

Wata rana, Asabar ɗin kanta, aiki ya rage kaɗan, aka ga babu fis, ɗan abin nan da ke yanke wuta in waya ta haɗu. Dole Ilu ya hau babur zuwa gari. Don ya huta da ɓarna, ya nuna wa ƙanensa akwatin sabon batirin a bayan mota. "Zauna a kai. Kada ka tashi sai na ce."

Tayar babur ta yi faci a hanya. Hantsi ya wuce, makaɗa sun taru, Jatau ya kasa haƙuri. Ya ja babbar wayar batirin da kansa, ya cusa ta wata huda a ƙarƙashin kujera, ya ce, "Nomau, ɗaga in haɗa."

"Yaya bai ce ba."

"Motata ce fa!"

"Motarka ce. Amma Yaya bai ce ba."

Aka yi lallashi, aka yi zagi, aka nuna masa tsire daga nesa. Mutum biyu suka ja shi, ya rungume akwatin.

Da Ilu ya iso, ya bi wayar da hannu har ƙarƙashin kujera. Bakin hudar ya yanke robar, jan ƙarfe tsirara yana goga jikin mota, dab da tiyon fetur mai ɗiga.

"Malam Jatau, da ka haɗa, da yanzu toka muke kwashewa."

Ya naɗe wayar, ya sa fis, ya ce, "Tashi, Nomau." Aka haɗa, aka kunna. Kiɗa ya tashi har kaji suka watse, fitilu ko ƙiftawa ba su yi ba. Jatau ya ce wa Nomau, "Koma ka zauna, ɗan'uwa, nan ne wurinka."

Ƙauye bakwai suka zaga, gefen motar yana walƙiya, Jatau yana kiran sunan Nomau a lasifika kafin na dagaci. Mai shelar Rafin Dinya ya ji su tun daga gonarsa, ya ci gaba da roron wake.

Da yamma kowa ya watse, Tabawa ta fito da kwanon tuwo, ta tarar da mijinta yana bisa akwatin.

"Malam, ba za ka sauko ba?"

"Ba a ce ba."

Ta hau motar, ta zauna kusa da shi, ta buɗe kwanon.