Ta Maƙogwaro ko Ta Ƙeya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na raka Baffa babban asibiti a Zariya. Lokacin ina aiki a ɗakin shan magani na Kusada. Allura da wanke gyambo ne iyakar sanina, amma in aka ce mini "Likita" sai in amsa har da gyaran murya. (Naira ta shigo sabuwa, na ɗinka fantalo, ba na ganin kowa da gashi.)

Baffa yayan mahaifina ne, malamin allo a Mawashi, da hannunsa yake rubuta Alƙur'ani. Sai yatsunsa suka fara mutuwa, alƙalami yana suɓuce masa, tafiya ma sai ya dafa bango. Da yake likitan asibitin da Turanci yake bayani, ni na naɗa kaina tafinta.

Likitan tiyata ya ɗaga hoton wuyan Baffa. Ya ce wata jijiya ce ta taurare ta zama ƙashi, ta danne laka. Hanya biyu ce. Ko a yanka ta gefen maƙogwaro a kankare ƙashin, a kawar da cutar daga tushe, amma ya fi haɗari, murya kuma tana iya dishewa. Ko a bi ta ƙeya a buɗe wa lakar sarari, ƙashin ya zauna inda yake, sai dai wuya zai iya ɗan sanƙarewa.

"Mi ya ce?" in ji Baffa.

Na ce, "Baffa, bar mini, ai aikinmu ne."

Don in fahimta sosai, sai likitan ya ɗora yatsansa mai sanyi a maƙogwarona, ya ja layin da wuƙa za ta bi. Iyakar abin da na sani ke nan.

Na farka shame-shame a ƙasa, rigata sharkaf da ruwa. Baffa, majinyacin, ya maƙale hularsa tsakanin tafukansa yana yi mini fifita, yana ce wa wata nas da ke tsaye a kaina da kofin ruwa, "Yi haƙuri ɗiyata, shi ne babban likitanmu na Kusada." Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Nas ɗin ce ta ƙarasa tafintar. Baffa ya saurara tsaf, ya ce, "A bi ta ƙeya. Ɗaki in ya matse mutum, rufi akan ɗaga. Muryag ga kuwa da ita nike biya ma ɗalibai karatu." Likita ya yi murmushi, ya ce da ma shawararsa ke nan, tunda taurin ya ratsa gaɓa uku.

Aka yi aikin, Allah ya dafa. Bayan damina Baffa ya fiƙe alƙalami ya rubuta wa likitan wasiƙar godiya da ajami. Rubutun yana rawa, amma kowane baƙi ya fito. Murna ta sa na yi kuka. A ƙasan takardar ya ƙara da gaisuwa ga "wadda ta yayyafa ma ɗana ruwa", kuma ni aka aika in kai.

Tun daga nan, in za a yi bayanin tiyata, sai na nemi kujera na zauna tukuna.