Yatsu Goma a Gaban Suruki

Wani ne a Kurfi, Allah ya jarabce shi da son hura usur. Ƙwallo bai iya ba, gudu ba ya yi, amma ka miƙa masa usur ka ga mulki.

Wata ranar kasuwa ya kai wake Dutsin-Ma, ya leƙa gidan kallo, ya iske ana nuna zari-ruga, wasan nan da ƙarti ke rungumar ƙwallo mai kama da gwanda suna bangazar juna. Sai ya ga an fitar da wani ƙato ya zauna a benci. Can kuma ƙaton ya miƙe ya koma fili.

Ya ce, "Kai, wancan ba korar shi aka yi ba?"

Wani ɗan jami'a mai suna Fahad ya ce, "Ba kora ba ce, Malam. Kwandon zunubi suke ce mashi. Ka yi laifi, ka fita ka huce, ka dawo. Mutanen Ostireliya sun fi shekara arba'in suna yin shi, kuma su ba ruwansu da kati. Da can in rafali ya ware hannu ɗaya, minti biyar ke nan. In ya ware biyu, goma. Daga baya suka soke na biyar ɗin. 'Yan Ingila ne masu kati, yalo da ja, kwanan nan ma har da kore."

Mutumin ya riƙe baki. "Wallahi da duniya ta bi wagga doka, da tuni an rufe kotuna."

Bai bar Dutsin-Ma ba sai da ya sayi kwali yalo da ja. Yana isa gida ya naɗa bayan rumbu kwandon zunubi. Akuya ta ci dusar da ba tata ba, minti goma. Jaki ya yi kuka ana sallah, minti goma. Zakara ya yi cara ba a kan lokaci ba, jan kati, da shi aka ci tuwon ranar.

Matarsa Zinariya tana ta haƙuri, har ranar da gishiri ya zarce a miya. Gaban ƙawayenta ya hura usur, ya ɗaga mata yalo.

"Bayan rumbu!"

"Ni? Wurin akuya?"

"Doka ba ta san mata ba."

Zinariya ta karɓi katunan duka biyu, ta hura wuta da su, ta yafa mayafi, ta yi gidan ubanta, Alhaji Mahmuda mai hatsi. Gida ya yi wa mutumin faɗi. Ya rame, ya ƙone tukunya biyu, domin duk shirmensa yana son matarsa kamar me. Ya yi biko har takalminsa ya suɗe.

A ƙarshe Alhaji ya ce, "To, ga hanya. Na sa kofin ƙwallo, garin Ɗantutture da na Makera sun fito wasan ƙarshe, kuma kowane rafali ya ƙi, don kullum da sanduna ake tashi. Tunda usur kake so, ga fili ga mai doki. Ka raba su lafiya, ka zo ka tafi da matarka."

"An gama, Baba."

Ranar wasa fili ya cika maƙil. Alhaji ya hakimce a kujera, babbar riga tana ƙyalli. Ba a jima ba wani ɗan Makera mai suna Zubair ya kwashe ƙafafun ɗan Ɗantutture. Mutumin ya hura usur, ya laluba aljihu, sai ya tuna katunansa sun zama toka. Ya ce a ransa, ba komai, ai dokar asali tana nan.

Ya taka har gaban Zubair, ya ware masa yatsu biyar a fuska.

Jama'a, a ƙasar Katsina fa muke, inda ba a koya wa kowa karatun daƙuwa.

Zubair ya ce, "Ni ka yi ma daƙuwa? Mi uwata ta yi maka?"

"Ƙorafi kake? An ƙara!" Ya haɗa masa da ɗaya hannun.

'Yan Makera suka yo kansa. Shi kuwa ya ga laifi ya yi yawa, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana rabawa, wannan biyar, wancan goma. 'Yan Ɗantutture suka fashe da dariya. Ya ce dariya ma raini ce, ya juya ya raba musu nasu kason. Abin da shekara da shekaru aka kasa, shi ya yi shi nan take: garuruwan biyu suka zama tsintsiya ɗaya, kowa na neman sanda.

Alhaji ya ga kofinsa zai zama jana'iza. Ya tattare riga, ya shigo fili yana cewa, "Ku tsaya! Ku yi ma Allah ku tsaya!"

Mutumin ya hango shi. Ɗan kallo ya shigo fili ana cikin wasa, laifi ne babba. Amma kuma suruki ne, ba a tsaya masa ƙiƙam. Sai ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa, ya sunkuyar da kai cikin ladabi, ya ce, "Baba, a gafarce ni." Sannan ya ɗaga hannu biyu, ya ware su sosai saitin gemun Alhaji.

Mai rake ma ya daina yanka.

Yadda ya isa gida, ƙafafunsa ne kawai suka sani, su da gonakin dawa da ya ratsa.

Washegari da hantsi ya yi wanka, ya ɗaure goshinsa da ya kumbura, ya nufi gidan Alhaji. A lissafinsa ya cika alkawari, tunda 'yan wasan ba su daki juna ba, shi kaɗai suka daka. Ya yi sallama. Wadda ta fito zaure ita ce Gogo, mahaifiyar Alhaji, wadda labarin rabonta na jiya ya riga ya iso mata.

Ya durƙusa. "Gogo, ina kwana? Na zo tafiya da Zinariya."

Gogo ta jingine sandarta a bango a hankali. Ta matso, ta ware masa hannu biyu, har yatsunta na taɓa hancinsa.

Fuskar mutumin ta washe. "Alhamdu lillahi! Ashe Gogo kin san doka. Ke nan in na yi minti goma a waje sai ta fito mu tafi?"

Gogo ta ce, "Goman kam ka ƙirga daidai, ɗan nan. Wa ya ce maka minti ne?"