Magini Ya Koyar da Kewaye

Wani ne, magini, lokacin yaƙin basasa. Ginin ma wallahi ba iyawa ya yi ba, katangar da ya ɗora ba ta ganin damina biyu. Ga tsoron tsiya, ko tayar keke ta fashe sai an yayyafa masa ruwa. Kawunsa ya gaji da ciyar da ƙaton banza, ya kira shi.

"Ka ga, makarantar nan ta bayan Goron Dutse ba malamai, duk sun watse. Ka yi aji huɗu a elemantare, na roƙa maka za su gwada ka. In suka koro ka, ni da hannuna zan kai ka wajen ɗaukar soja."

"Soja, Kawu? Inda ake harbi?"

"Can ɗin."

Washegari hedimasta, Malam Ashafa, ya ba shi aji uku ya ce, "Kewaye za ka koya musu, na murabba'i da na mai tsawo da faɗi. Ba wuya. Kamar katangar gida ne, ka auna kowane gefe ka haɗa."

Gogan ya washe baki. "Katanga? Haba Malam, ai sana'ata ce."

Ya shiga aji yana hura hanci, ya zana murabba'i a allo, ya sa ƙafa biyar a kowane gefe.

"Kewayen wannan nawa ne?"

Yara suka ce, "Ashirin!"

"Ashirin a gidan wa? Kun taɓa ganin gida a cikin birnin nan da katanga huɗu duk nasa? Ta baya ai ta maƙwabci ce. Ku ƙirga masa ita ku ja mana shari'a? Sha biyar!"

Wata yarinya, Mardiya, ta ɗaga hannu. "Malam, mu maƙwabta biyu ne suka sa mu a tsakiya."

"To ku naku goma."

"Mu uku ne, Malam!" in ji wani daga baya.

"Biyar. A cire ƙofar zaure, saura biyu."

Kai, jama'a! Kafin sati ya zagayo babu yara biyu a ajin nan masu amsa ɗaya. Wani yaro, Isyaku, da yake gidan haya suke, sifili ya rubuta, sakaran ya ba shi maki goma cif.

Ana nan sai ga sufeton makarantu, Alhaji Maharazu, mutum ne da ba ya dariya ko ranar salla. Ya tambayi yara kewayen murabba'i mai ƙafa biyar. Wannan ya ce sha biyar, wancan ya ce bakwai, wata ta ce sai ta tambayi babanta wa ya gina ta gabas. Malam Ashafa ya rasa inda zai sa kansa don kunya.

Sufeto ya juyo kan mutumin. "Kai ne malamin?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Ka ci, ka zauna. Ka faɗi, yau ɗin nan ka bar makarantar nan."

Sufeto ya ɗauki alli ya ja layi huɗu.

"Tsawo ƙafa shida, faɗi ƙafa biyu. Kewaye nawa?"

"Ranka ya daɗe, maƙwabcin ta wane gefe yake?"

"Babu maƙwabci!"

"To ƙofar fa?"

"Babu ƙofa!"

"Ko 'yar taga?"

"Na ce maka babu komai! Shida, biyu, a rufe ruf!"

Mutumin ya ƙura wa allo ido. Ya dubi tsawon zanen, ya dubi nasa tsawon. Sai hawaye shar.

"Haba ranka ya daɗe! Tun ban shiga sojan ba har an fara auna mini kabari?"