Rasuwar Mai Minshari, Injin Iskar Ƙi-Faɗi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙirjin da ya ƙi cika da iska, tsohon mai fasa dutse da aka fi sani da Ƙi-Faɗi, wanda dutse ya danne har sau biyu ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, yana sanar da rasuwar injin iskar numfashinsa, Mai Minshari. 'Yarsa ce ta rubuta, don shi bai taɓa zaman aji ba, kuma bai ga abin da ya rage shi da shi ba.

Marigayin ya zo ne a akwatin babban ɗansa, daga ƙasar da yake aiki. Shekara shida yana tsugune a gindin gado yana fuu-tush, fuu-tush, ko tari bai taɓa yi ba. Ranar Talata da hantsi ya kunna jan ido, ya yi tsuwwa uku, ya yi shiru.

Kamfanin can da ya ƙera shi ya ce tunda ya ƙetare iyaka, ba nasu ba ne. Na nan ya ce ba ya cikin rajistarsu, ba sa taɓa baƙo. Sabo kuwa sai da takardar likita, takardar kuma sai awo ya nuna iskar jini ta yi ƙasa.

Aka kai tsoho asibiti. Ya zuƙi iskar tukunyar da aka ajiye don ko-ta-kwana har bakin ƙofa, sannan ya cire tiyon, wai ba za a gan shi da igiya a hanci kamar bijimi ba. Likita ta maƙala masa abin awo a yatsa, ta ce, "Baba, yaya numfashin?" Ya ce, "'Yata, ko yanzu a miƙo mini guduma." Awo ya yi kyau, takarda ba ta samu ba. Ta yi masa barka, ta ce ya dawo bayan kwana tara. A mota 'yarsa ko kallonsa ba ta yi ba.

Marigayin ya bar tiyo mai taku ashirin, da kwalbar ruwa, da tukunyar iska guda ɗaya, wadda ma'auninta ya ce saura kwana huɗu.

Gawar tana gindin gado lulluɓe da tawul, ba za a fitar da ita ba tukuna, ko wani mai gyara zai tausaya. Ana karɓar gaisuwa a ɗaki, mutum biyu-biyu, taga a buɗe. Kada kowa ya tambayi tsoho labarin dutse, don zai bayar. Ranar komawa asibiti, in an kai, ana neman wanda zai zauna kusa da shi, da ya buɗe baki zai ce lafiya lau, ya take masa ƙafa.